Motar Baba Tana Ja Dama

Litinin 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na sa wa motar Baba sababbin tayoyi huɗu. Baban da nake faɗa shi ne mahaifin matata Sakina, kuma sunansa ba na bakina ba ne, ba na alƙalamina ba. Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Gaya zuwa Tanda ya san farar Fijonsa. Tun ba a haife ni ba yake riƙe da bolan, wato sitiyari, a kan hanyar nan, kuma ba a taɓa jin ya taka ko kazar wani ba.

Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kawo mini aiki ba, saboda kunya. Yau sai ga shi a bakin rumfata. Na tuɓe takalmi na tsuguna. Bai dube ni ba, motar ya duba ya ce mata, "Ana so a canza mata ƙafafu, duka huɗun." Ni kuma na ce wa ƙasa, "To, Baba." Ya tafi can gindin dogon yaro ya zauna, ya ba ni baya.

Da kaina na zaɓo tayoyin nan a Malanbil, na zauna a kansu cikin jirgi har muka ƙetaro kogi. Na murza kowace da hannu, na duba gefenta, na ba su iska daidai wa daida. Tsofaffin na wurga bayan rumfa, don ba su cancanci a dube su sau biyu ba.

Hasan, bakaniken da ke kusa da ni, ya leƙo yana dariya, wai yau na yi wa taya wankan amarya. Ya yi ta yi. Kowa a tashar nan ya san Alassan mai faci, kuma ya san aikina ba ya dawowa.

Laraba 8 ga Oktoba, da hantsi

Ya dawo.

Laraba, bayan magariba

Abin da ya ce wa motar shi ne, "Tana ja dama." Ya ajiye makulli a kan murfin inji ya koma gindin dogon yaro.

Na sa ma'auni a kowace taya, iska daidai take kamar yadda na bar ta. Na hau na bi gudoron Dosso, titin kwalta, har wurin nan mai shimfiɗa bayan an wuce gonakin mangwaro, inda nake gwada kowace mota. Na saki bolan na naɗe hannuwana a ƙirji. Ta miƙe sambal. Ta ɗan sunkuya dama kaɗan a can gaba, amma wannan halin hanya ne, an karkata ta don ruwa ya gangara, ko sabuwar mota ka kawo haka za ta yi.

To ta yaya mutum zai ce wa surukinsa motarsa lafiya lau take bayan ya ce ba lafiya ba? Na ce, "An duba, Baba. A sake gwadawa." Ya karɓi makulli ya tafi.

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye wa takarda ba. Amma tayoyina lafiya lau suke.

Juma'a 10 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Ya sake dawowa, da magana iri ɗaya.

Wannan karon na yi abin da duk mai faci na ƙwarai zai yi. Na sa kirik na ɗaga gaba, na mayar da tayar dama hagu, ta hagu dama. Wani lokaci taya tana fitowa daga inda aka ƙera ta da ɗan karkata a ciki, ido ba ya gani. Idan ita ce mai laifi, ja zai bi ta ya koma hagu. Idan bai koma ba, a nemi laifi wani wuri, a bar mini tayoyina su huta.

Asabar 11 ga Oktoba, da yamma

Sakina ta dawo daga gidansu da saƙo. Har yanzu dama take ja. Na ce alhamdulillahi, ta dube ni kamar na taɓu. Na yi mata bayani cewa wannan ya wanke tayoyin tas. Ta ce, "Ya wanke taya, ya bar Baba da mota mai ja." Na ce ta kawo ruwan alwala.

Litinin 13 ga Oktoba, da azahar

Tun safe muna kan motar ni da Hasan. Mun ɗaga ta, na juya kowace ƙafa da hannu in ji ko birki yana kamawa. Babu. Na yi gudu da ita na dawo na taɓa ƙarfen ƙafafun, babu wanda ya fi wani zafi. Hasan ya shiga ƙarƙashi ya girgiza duk abin da ke girgizuwa, ya fito da ƙasa a gemu ya ce babu sako-sako ko ɗaya. Ya ɗauko zarensa ya ja daga tayar baya zuwa ta gaba a kowane gefe, ya auna paralelisim, wato daidaiton ƙafafun, har sau biyu. Daidai.

Ya share hannu ya ce, "Alassan, wannan motar ta fi ni lafiya. Abu ɗaya ya rage. Ka shiga ya tuƙa, ka ga jan nan da idonka."

Na ce, "Ni in zauna gaba, kafaɗa da kafaɗa da surukina?"

Ya ce, "To ka shiga kofur wurin kaya, mu rufe ka." Ya yi dariya, sannan ya ce ya san ba ta yiwuwa, faɗa kawai ya yi. Shi kansa idan ya hango surukinsa a kasuwa sai ya canza layi.

Laraba 15 ga Oktoba, da la'asar

Ladi mai abinci ce ta kawo mini labarin, tare da shinkafa da wake da ban tambaya ba. Motar Baba ta sauka daga hanya a gefen dama, daidai gonakin shinkafa kafin Tanda. Ta nutse cikin laka har rabin ƙafa. Mata ne cike a ciki da kwandunan tumatir. Babu wanda ya ji rauni, manoma suka taru suka turo ta.

Ladi ta ce, "Ɗan'uwana, gara ka ji daga bakina. A tasha ana cewa tayoyin Alassan ne. Wai ka ƙetaro da ruɓaɓɓu ka lanƙaya wa tsoho don ka san kunya ba za ta bar shi ya yi maka faɗa ba."

Na ce wa ya faɗa. Ta ce wa bai faɗa ba.

Ban ci abincin ba. Ni da na zauna a kan tayoyin nan cikin jirgi, rana tana dukana, don kada a musanya mini su. Ni da ko babur ɗin almuru ba na sa wa abin da ba zan sa wa kaina ba. Wani shofer da ya bar mini motarsa tun safe ya zo ya ɗauke ta, wai ya tuna yana da sauri.

Alhamis 16 ga Oktoba, da yamma

Mota ɗaya ta tsaya yau, ita ma iska kawai ta sha ta wuce.

Juma'a 17 ga Oktoba, bayan magariba

Sakina tana ta zuba mini zancen gidansu. Wai Inna, mahaifiyarta, ta ce buta ta suɓuce wa Baba sau biyu a makon nan. Wai yanzu ba ya ɗaure kaya a saman mota da kansa, shi da ba ya yarda da ƙullin kowa. Na ce ban ga abin da ya haɗa buta da taya ba.

Gobe sunan ɗan ƙanwarta a Tanda, duk gidan za su tafi a motar Baba. Na ce da babur ɗina zan bi su. Daga baya na tuna maganar Hasan. Fijon tana da kujera ta uku can baya, inda ake cusa kaya da yara. Babu wanda zai ga laifin suruki idan ya zauna can.

Asabar 18 ga Oktoba, da la'asar

Mun je mun dawo. An sa wa yaro suna, an ci nama.

Na zauna baya tsakanin buhun gero da ragon suna. Inna ta ce in dawo tsakiya, na ce nan ya fi mini iska. Daga wurin ana hango bolan ta tsakanin kawunan mata.

Ba na son rubuta wannan. Zan rubuta abin da ya shafi mota kawai, don shi ne aikina.

Mota ba ta ja. Hannu biyu suna kan bolan, amma ɗaya ne yake riƙe da shi. Na hagun yana kwance ne a kai, kamar tsumma da aka shanya. Na daman shi ke da nauyi, shi yake rinjayar bolan yana saukar da shi gefensa, mota kuma tana bi. Idan ya kai hannun dama zai canza bitas, wato giya, sai ya tokare bolan da gwiwa. Na ga yatsun hagu sun zame sun faɗi kan cinyarsa, na ga ya ɗauko su da ɗaya hannun ya mayar, da sauri, yana kallon madubi ko wani ya lura.

Na sunkuyar da kai na kama ƙahon ragon. Har muka isa Tanda ban sake ɗagowa ba. Da za mu dawo na ce wa Sakina ita da Inna su kwana can su taya mai jego aiki. Ni na sake shiga baya, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Lahadi 19 ga Oktoba, da safe

Na je bayan rumfa na jawo tsofaffin tayoyin da na wurgar. Ta gaban hagu ta fi 'yar'uwarta ƙanƙanta, ba ma lambarsu ɗaya ba. Gefenta ya cinye har zare ya fito, kuma na nutsa ta cikin ruwa na ga tana sakin iska a hankali. Taya irin wannan dole ta riƙa jan mota hagu.

Ke nan ita tana ja hagu, hannu yana ja dama, suka raba daidai, mota ta miƙe. Allah kaɗai ya san tun yaushe suke wannan zama. Ni na zo na cire ruɓaɓɓiyar na sa masu gaskiya, sai abin da ke ɓoye ya fito fili.

Tayoyina lafiya lau suke. Na daɗe ina jiran ranar da zan rubuta wannan da hujja a hannu. Ga ta ta zo, kuma ko ɗaya ban ji daɗinta ba.

Litinin 20 ga Oktoba, da hantsi

Na aika wa Inna cewa a roƙa mini Baba ya bar mini motar, akwai abin da nake so in ƙara dubawa. Aka kawo ta. Na cire ƙafafun gaba duka biyu na shigar da su ɗaki, na ɗora motar a kan kututture a bakin rumfa.

Mota marar ƙafafu ba ta ɗaukar mata zuwa Tanda. Iyakar dabarata ke nan a yanzu.

Laraba 22 ga Oktoba, da azahar

Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya kalli Fijon Baba a kan kututture. Wani ya tambaye ni ko ƙwai take yi. Wani ya ce in haƙura in kai ta Malanbil wurin waɗanda suka iya. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da goge ƙarafunan da na riga na goge.

Magana ɗaya tak zan faɗa a tashar nan duk bakin ya mutu. Tana nan a kan harshena tun Asabar. Amma maganar ba tawa ba ce.

Hasan ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya daɗe yana kallon motar. Ya ce, "Na ji ka bi su Tanda. Me ka gani a hanya?"

Na ce, "Gonakin shinkafa."

Ya gyaɗa kai, ya ce shinkafar bana ta yi kyau. Ya tashi ya aiko mini da shayi, kuma yau bai yi mini ba'a ko sau ɗaya ba.

Alhamis 23 ga Oktoba, da yamma

Saƙo daga Baba ta bakin Sakina: a bar sauran tayoyin, amma a mayar masa da tsohuwarsa ta gaban hagu. Ita kaɗai.

Ashe ya sani.

Juma'a 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Da safe na sa wuƙa na tsaga tayar gida biyu, na ba mai yin takalma. Ban yarda da kaina ba ne. Idan tana nan lafiya kuma Baba ya ce a sa, ban san ko bakina zai iya cewa a'a ba.

Bayan masallaci na je gidansu. Tun da na yi aure ban taɓa wuce zaure ni kaɗai don in yi magana da shi ba. Na bar takalmina tun daga waje, na tsuguna bakin ƙofa. Yana zaune a kan tabarma, ya rufe hannun hagu da gefen riga. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, har na tambayi lafiyar awaki.

Ya ce wa bango, "An aika saƙo."

Na ce, "An isar, Baba. Tayar ta tsage."

"Da kanta?"

"Da wuƙata, Baba."

Na riga na shiga ruwa. Na ce, "Ku gafarce ni. Duk abin da kuka ce in yi a duniya zan yi. Amma ba zan mayar wa motar nan ƙafafu ba idan ku za ku tuƙa ta. Ranar suna ina zaune a baya."

Ya ce, "Na gan ka a madubi." Sai can ya ce, "Mutane suna cin namanka a tasha."

Na ce, "Su ci, Baba. Zai tsiro."

Bai sallame ni ba. Na tsuguna har ƙafafuna suka mutu, sannan Inna ta leƙo ta yi mini alama da ido na tashi.

Asabar 25 ga Oktoba, da yamma

Shiru daga gidansu. Sakina ta ƙona miya, ta zauna tana kuka a kan miyar. Ba mu yi maganar ba. Ta sani, kuma ta san na sani.

Litinin 27 ga Oktoba, da azahar

Babu mota ko ɗaya. Na share rumfa sau biyu. Ladi ta ce in yi magana in ceci sunana, don mai faci da sunansa yake ci. Na ce mata na sani, ni na gina sunan da hannuna. Idan ta kama in koma facin keken yara a bakin kogi, zan koma, kuma facina ba zai dawo ba.

Ina tsoro dai. Wannan ma gara in rubuta shi.

Talata 28 ga Oktoba, bayan magariba

Da hantsi, lokacin da tasha ta cika, sai ga Baba a ƙafa, cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Na tuɓe takalmi na tsuguna. Bai dubi motar ba. Ni ya duba, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure.

Ya ce, "Alassan, mayar da tayoyinka."

Na ɗago zan yi magana, ya ce, "Mayar dai."

Na fito da su na ɗaura, Hasan ya kama mini kirik ba tare da na kira shi ba. Shoferori suka fara taruwa, Ladi ta bar tukunyarta. Da motar ta sauka a kan ƙafafunta, Baba ya ajiye makulli a kujerar mai tuƙi. Ya zagaya ta gaba a hankali, ya shafa murfin inji, ya buɗe ƙofar dama. Kafin ya shiga ya juyo wurin mutane. Bai ɗaga murya ba, amma babu wanda bai ji ba.

Ya ce, "Na ji abin da kuke faɗa. Ba taya ba ce. Hannuna ne ya gaji." Ya ɗago shi da ɗaya hannun ya nuna musu. "Tayoyin yaron nan ne suka gaya mini gaskiya, shi kuma ya rufa mini asiri, ku kuna zaginsa."

Wanda ya ce mota tana ƙwai ya sunkuya yana gyara takalminsa.

Baba ya zauna ya ja ƙofa, ya ce, "An ce akwai lokotoron tansiyo, mai duba hawan jini, a Dosso. Sai mai tuƙi."

Na tsaya riƙe da ƙofa kamar wawa. Hasan ya tura ni da gwiwar hannu, ya raɗa mini cewa kofur a cike yake. Na shiga na zauna, kafaɗata kusa da ta surukina, na manta takalmina a bakin rumfa.

Muka wuce gonakin mangwaro muka hau shimfiɗar nan tawa. Sai ya ce, "Saki."

Na saki bolan. Ta miƙe sambal, ba dama ba hagu, kamar an ja mata zaren Hasan. Yana kallon hanya, hannunsa na hagu a kwance kan cinya. Muka yi tafiya mai nisa a haka. Sannan ya ce wa gilashin gaba, "Na ba da 'yata inda ya dace."

Wannan ne aikina na farko da ya dawo mini, kuma babu wanda nake alfahari da shi kamarsa. Na mayar da hannuwana kan bolan na riƙe da kyau, don idona ya cika da ruwa kuma akwai tirela tana tahowa.